RA'AYINMU: Minti Goman Ƙarshe

A cikin watan Agusta na 2025, a birnin Luwanda na ƙasar Angola, ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza ta Nijeriya, watau D'Tigers, ta sha kashi a hannun Senegal da maki 91 da 75, a wasan kusa da na kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin Afirka. Kafin wannan rana ta cinye wasanninta uku na rukuni ba tare da tuntuɓe ba, har masu sha'awar wasan a nan Kakuri da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha suka fara lissafin wadda za mu kara da ita a wasan ƙarshe. Da aka tashi, sai kowa ya kama nasa bayani. Wani ya ce laifin mai horarwa ne, wani ya ce alƙalan wasa sun yi son kai, wani kuwa ya ce rana ce kawai ba ta yi ba. A ganinmu duk waɗannan bayanai sun tsaya a kan ganye, ba su gangara ga saiwa ba.

Mai karatu yana iya tambaya, me ya sa mujallar ƙungiyar ɗalibai za ta ba da shafinta na farko ga wasan jefa ƙwallo a kwando, alhali ga tsadar abinci, ga kuɗin makaranta, ga rashin aikin yi? Amsarmu ita ce, a filin wasa ba a ɓoye sakamako. A ofis ana iya rufe gazawa da dogon rahoto da kafa kwamiti, amma a fili allon maki yana rataye kowa na gani. Saboda haka wanda yake son ya fahimci yadda muke tafiyar da al'amuranmu a ƙasar nan, zai ƙaru ƙwarai in ya zauna ya karanta allon nan da natsuwa. Mu kuwa da ke karatu yau, da 'yan'uwanmu da suka kama aikin gwamnati jiya jiya, mu ne za a miƙa wa waɗannan ofisoshi gobe.

Don a gane ciwon sosai, ya kamata mu koma baya kaɗan zuwa inda ya fi fitowa fili, watau gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021. Ba a taɓa tara wa Nijeriya gwanaye irin na wannan shekara ba. Cikin 'yan wasa 12, mutum 8 suna wasa ne a gasar NBA ta Amurka, wadda babu kamarta a duniya, ga kuma Mike Brown, ƙwararren mai horarwa daga can. Ran 10 ga Yuli, a birnin Las Vegas, suka doke Amurka da 90 da 87 a wasan sada zumunta, abin da wata ƙasar Afirka ba ta taɓa yi ba. Duk wanda ya tuna da cewa a gasar Olamfik ta Landan a 2012 Amurkan nan ta lallasa mu da 156 da 73, ya san dalilin da ya sa mutane suka yi ta murna kamar an ci kofi. Bayan kwana biyu kuma suka doke Ajantina da 94 da 71.

Amma akwai abubuwa biyu da murna ta hana mu dubawa. Na farko, cikin maki 90 da muka ci Amurka, 60 sun fito ne daga jifan nesa mai maki 3, wanda ya shiga har sau 20. Watau kashi biyu cikin uku na makinmu sun rataya ne a kan jifan da ko gwanin gwanaye ya fi yawan ɓarar da shi bisa ga cinsa. Ranar da hannu ya yi daɗi sai a kayar da giwa, ranar da ya ƙi kuwa sai a nemi wata dabara, in akwai ta. Na biyu, washegarin wasan Ajantina, Ostareliya ta casa mu da 108 da 69 a wannan birni dai. Aka ce ai gajiya ce, ai wasan gwaji ne. Hausawa kuwa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka nan wadda ba za ta yi ba.

Da aka isa Japan muka yi wasa uku, muka faɗi uku. Ostareliya ta ci mu 84 da 67, Jamus 99 da 92, Italiya 80 da 71. Wanda ya ga waɗannan lambobi kawai zai ce an fi mu ne, shi ke nan. To amma a dokar wasannin ƙasa da ƙasa ana raba wasa zango huɗu, kowane zango minti 10, kuma sai an bi zango zango ake ganin inda gizo ke saƙa. Da Ostareliya, an gama zango na uku tana da 58 muna da 52, ratar da jifa biyu ke iya shafewa, amma a zangon ƙarshe ta ci 26 muka ci 15. Da Jamus, an tafi hutun rabin lokaci 50 da 50, an gama zango na uku 74 da 74, sannan ta ci 25 muka ci 18, duk da maki 33 da Jordan Nwora ya zuba shi kaɗai. Da Italiya kuwa, wasan da masu sha'awa a nan suka yi sammako don kallonsa ran 31 ga Yuli, mu ne a gaba da 63 da 56 sa'ad da aka shiga zangon ƙarshe. A cikin minti goman nan Italiya ta ci 24, mu kuwa 8 tak.

Yanzu sai mai karatu ya ɗauki alƙalami ya tara da kansa. A zango ukun farko na wasannin nan uku, watau minti 90, Nijeriya ta ci maki 189, abokan karawarta sun ci 188. A zangon ƙarshe na wasannin uku, watau minti 30, Nijeriya ta ci 41, su kuwa 75. Ga dukan labarin nan a dunƙule. Ƙungiyar da ta yi kafaɗa da kafaɗa da manyan duniya na tsawon awa ɗaya da rabi, ba za a ce ba ta da gwaninta ba. Abin da ya faru sau uku a jere, a daidai lokaci guda, shi ma ba za a kira shi rashin sa'a ba. Lalle akwai wani abu da zango na huɗu yake tambaya wanda ba mu tanada ba.

Me zango na huɗu yake tambaya? Duk wanda ya taɓa buga wasan, ko da a kan fasasshen siminti ne, ya sani. A farkon wasa ƙafa na da ƙarfi, ana gudu, ana tsalle, gwaninta ta mutum ɗaya tana iya ɗaukar ƙungiya. In wasa ya yi nisa sai ƙafa ta yi nauyi, jifan nesa kuwa da ƙafa ake yinsa kafin hannu, saboda haka sai ya dinga faɗuwa gaban kwando. Abokan karawa sun riga sun karance ka, sun san wanda za su tsare da hannun da yake so. Laifuffuka sun taru, wanda ya yi biyar an fitar da shi, wanda ya yi huɗu yana tsoron taɓa mutum. Agogon daƙiƙa 24 da aka ba kowace ƙungiya ta yi jifa a ciki yana ta cin lokaci. A wannan hali abin da ke fid da ƙungiya shi ne sabo: mai riƙe da ƙwallo ya san inda abokinsa zai tsaya ba sai ya duba ba, masu tsaro su san wa zai rufe gurbin wa ba sai an yi kira ba, kowa kuma ya san hannun da za a ba ƙwallo in abu ya yi tsanani. In babu wannan sabo, sai kowane gwani ya ga ai shi ne zai ceci ƙasa, ya rungumi ƙwallo ya afka cikin mutum uku. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sabo kuwa ba a sayensa, ba a kuma yinsa cikin makonni. Dubi waɗanda suka ci mu. A ƙungiyar Ostareliya, Patty Mills da Joe Ingles suna buga Olamfik ɗinsu ta huɗu tare ke nan, tun daga ta 2008, kuma a Tokyo suka samo wa ƙasarsu lambar tagulla. Jamus ba ta kai mu yawan 'yan NBA ba a lokacin, amma ta riƙe mutanenta, irin su Johannes Voigtmann da Moritz Wagner da Andreas Obst da Maodo Lo, ta ɗora gini a kansu, bayan shekara biyu kacal ta zama zakarar duniya a 2023. Mu kuwa an tattaro namu ne daga ƙungiyoyi dabam dabam makonni kaɗan kafin gasa, da yawansu ba su taɓa buga babbar gasa tare ba, kuma cikin su 12 babu ko ɗaya da yake wasa a wata ƙungiya ta cikin gida. Bayan Tokyo aka watse. Gasar cin kofin duniya ta 2023 da Jamus ta cinye, mu ko zuwa ba mu samu ba, alhali Sudan ta Kudu, wadda ta sami 'yancin kai a 2011, da tsibiran Kef Bade, waɗanda mutanensu ba su kai na birnin Kaduna yawa ba, duk sun je. Olamfik ta Faris a 2024 ita ma mazanmu a gida suka kalle ta.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba mu ɗora wa samarin nan laifi ba, kuma ba mu yarda da masu cewa wai ba 'yan ƙasa ba ne sosai don an haifi wasunsu a waje. Sun bar hutunsu, sun sa jikinsu cikin haɗarin rauni wanda zai iya raba su da abincinsu, sun sa rigar ƙasar iyayensu da alfahari. Ɗaya daga cikinsu, Chimezie Metu, wanda ya ci maki 22 a wasan Italiya, ya fito bayan wasan ya koka a bainar jama'a game da riƙon sakainar kashin da hukumomi suka yi wa 'yan wasan Nijeriya, a gasar da aka hana 'yan guje-guje da tsalle-tsallenmu 10 shiga saboda ba a cika ƙa'idar gwajin ƙwayoyi ba. Laifin yana wuyan waɗanda suka ɗauka cewa tun da wasu ƙasashe sun rene mana gwanaye, to mu mun huta da reno. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ina shugabannin wasan suke a duk tsawon wannan lokaci? Suna rigimar kujera. A watan Yuni na 2017 an yi zaɓen shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa har guda biyu, ɗaya a Kano wanda ya ba Tijjani Umar, ɗaya a Abuja wanda ya ba Musa Kida. A watan Janairu na 2022 aka maimaita, zaɓe ɗaya a Binin, ɗaya a Abuja, a rana guda. A watan Mayu na wannan shekara Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar janye Nijeriya daga wasannin ƙasa da ƙasa na shekara biyu. Ko da yake an soke wannan hukunci bayan 'yan makonni, aikin gama ya riga ya gama, domin an ba Mali gurbin da matanmu suka samu da guminsu a gasar cin kofin duniya ta 2022. Ba mu zo raba gardama tsakanin ɓangarorin ba. Abin da muka sani shi ne, a shekarun da ake wannan ja-in-ja gasar ƙwararru ta cikin gida ta yi ta tafiyar hawainiya, ƙungiyoyi irin su Kada Stars ta nan Kaduna da Kano Pillars da Gombe Bulls da Niger Potters suka rasa tsayayyen jadawali. Ɗan wasan da bai san ranar wasansa na gaba ba, ina zai koyi riƙe minti goman ƙarshe?

An ga sakamakon wannan a fili. A 2023 Kwara Falcons, zakarun Nijeriya, suka je Dakar gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL, suka yi wasa biyar, suka faɗi biyar. A 2024 kuwa Rivers Hoopers ta Fatakwal, wadda ta daɗe a hannun mai horarwa guda, Ogoh Odaudu, ta zo ta uku a wannan gasa, shi kuma aka zaɓe shi gwarzon masu horarwa na shekarar. Angola da ta ɗauki kofin Afirka a 2025, karo na 12 ke nan, an san ta da gina ƙungiyar ƙasa a kan manyan ƙungiyoyinta na gida, Petro de Luanda da Primeiro de Agosto, inda 'yan wasa ke cuɗanya shekara da shekaru. Mu kuwa sau ɗaya tak mazanmu suka taɓa ɗaukar wannan kofi, a 2015.

Wani zai ce, to ai matanmu, D'Tigress, su ma yawancinsu a waje suke wasa, ga shi kuwa sun ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere, daga 2017 zuwa 2025, kuma a Faris a 2024, ƙarƙashin Rena Wakama, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai wasan kusa da na kusa da na ƙarshe a Olamfik. Gaskiya ne, kuma muna jinjina musu. Amma wannan hujja tamu take ƙarfafawa. Sirrin matan shi ne sun zauna tare. Irin su Ezinne Kalu da Promise Amukamara da Amy Okonkwo sun sha gasa bayan gasa a riga ɗaya, sababbi na shigowa suna tarar da na da. Sun yi sabo duk da halin hukuma, ba don taimakonta ba. Sai dai ƙasa ba ta dogara har abada ga haƙurin 'ya'yanta.

Yanzu bari mu dawo gida, mu tsallako gada. Wannan yanki na kudancin kogin Kaduna ya san yadda ake renon ɗan wasa, domin ya taɓa yi. A nan Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, wasu masaƙu irin su UNTL da Arewa suka biyo baya, ga masana'antar kayan tsaro, ga kamfanin harhaɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a 1975. Waɗannan wurare ba albashi kaɗai suka bayar ba. A ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta UNTL marigayi Rashidi Yekini ya fara fitowa. Ƙungiyar masana'antar tsaro, DIC Bees, ita ce ta zama Ranchers Bees, wadda ta kai wasan ƙarshe na wata gasar kofin Afirka a 1988, kuma a cikinta Daniel Amokachi ya yi suna. Dabarar ba mai wuya ba ce: a ba saurayi abin yi, a ba shi fili kusa da gida, a ba shi abokan da zai yi shekaru yana wasa da su. Da masaƙu suka durƙushe, KTL a 2002, UNTL kuma ta dakatar da aiki a 2007, ba ayyuka kaɗai suka tafi ba, har da wannan makaranta da ba ta da allo.

Yau manyan wuraren wasanni na birnin, filin Ahmadu Bello da dandalin Murtala, duk suna hayin arewa. Yaron Unguwar Romi ko Gonin Gora mai tsawo da sha'awa sai ya yi lissafin kuɗin mota zuwa da dawowa kafin ya taɓa ƙwallo a fili na sosai. Kuma kowa ya sani, tun bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 kogin nan ya zama kamar iyaka a zukatan mutane, kowa ya koma inda yake ganin nasa sun fi yawa. Akwai samari a ɓangarorin biyu da suka girma ba su da aboki ko ɗaya a ɗaya hayin. Filin ƙwallon kwando mita 28 ne a tsaye, 15 a kwance, bai kai filin gidan wani babban ma'aikaci ba, amma yana cikin wurare 'yan kaɗan da Musa da Bulus za su miƙa wa juna abu ba tare da tambayar sunan uba ba. Kada kuma a ce ƙasar nan ba ta fid da irin. A Zariya Masai Ujiri ya tashi, a can ya koyi wasan, a hannun mai horarwa Oliver Johnson, shi ne kuma ya shugabanci Toronto Raptors sa'ad da ta ci kofin NBA a 2019.

Bisa ga haka muna kira kamar haka. Ga hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, a fitar da jadawalin gasar cikin gida tun farkon shekara, a kuma cika shi, sannan a ware wa 'yan wasan gida gurabe na dindindin a sansanin ƙungiyar ƙasa, don a sami ginshiƙin da na waje za su zo su tarar. Ga Gwamnatin Jihar Kaduna da ƙananan hukumomin Kaduna ta Kudu da Chikun, a gyara filayen makarantun gwamnati da ke wannan hayi, a buɗe su ga yaran unguwa da yamma, a kuma biya 'yan wasan jiha haƙƙinsu a kan kari. Ga kamfanonin da suka rage a Kakuri da Kudenda, su tuna da abin da magabatansu suka yi, ɗaukar nauyin ƙungiya guda bai kai kuɗin tallan wata ɗaya ba. Ga 'yan'uwanmu matasan ma'aikata, takardar neman gyaran fili da ke kwance a kan teburinku, ku ɗaga ta ku kai gaba.

Mu ɗalibai kuwa kada mu tsaya nuna yatsa. Kuɗin wasanni da ake karɓa a hannunmu kowace shekara, haƙƙinmu ne mu nemi a karanta mana yadda aka kashe shi. Ƙungiyoyinmu na makaranta, mu ma mun saba tara su ana saura mako biyu gasa, sannan mu dawo muna zagin alƙalin wasa. Ya kamata ƙungiyar ɗalibai ta shirya gasa mai ɗorewa tsakanin ɗakunan kwana da sassan karatu, ta kuma tura masu iyawa cikinmu su koyar a makarantun sakandare na Kakuri da Makera da Television ranar Asabar, a riƙa haɗa wasa da takwarorinsu na Tudun Wada da Kawo, yau a nan gobe a can.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Minti goman da suka kayar da mu a Japan, da kashin da muka sha a Luwanda, an rasa su ne tun shekaru kafin a busa usur, a filayen da ba a gina ba da wasannin da ba a buga ba. In muna son wata rana mu ga ƙungiyarmu ta shiga zango na huɗu hankalinta kwance, to aikin yana nan hayinmu, kuma da yammacin yau ya kamata a fara shi. Allah Ya ba mu ikon gyarawa, amin.